Wanda Ya Zana Hannuwan Sojoji

Kassel, 9 ga Fabrairu, 1938

Zuwa ga Dakta Ottilie Brandes,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Mama, kuma sanyin bana bai tayar mata da ciwon gwiwa ba. Matata Hilde da yara suna gaishe ku. Wannan takarda ba ta gidan waya za ta biyo ba. Ƙanin Hilde, mai aikin jirgin ƙasa tsakanin nan da Leipzig, shi zai kawo miki hannu da hannu, ta hannunsa kuma za ki ba da amsa. In kin karanta ki jefa a wuta.

Na san rabona da rubuto miki an daɗe. Ki yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kin san tun bara hukuma ta kwashe zane-zane daga gidajen nuni, tana yawo da su gari-gari don jama'a su zo su yi dariya, wai gurɓataccen zane. A cikinsu akwai namu, "Tasha", wanda sojoji ke saukowa daga jirgi bayan yaƙi. Sauran an ce aikin mahaukata ne, shi ke nan. Namu kuwa an ce cin mutuncin sojan ƙasa ne. Wannan ta wuce maganar dariya, ta zama ta 'yan sanda.

Matsalar ita ce zanen ba shi da suna. Kin fi kowa sanin dalili. Ranar da mu uku muka kafa ƙungiyar masu zane ta Murhu, ni da Siegbert Aronheim da yayanki marigayi Emmerich, mun rantse ba wanda zai sa sunansa ko kwanan wata a jikin zane, sai tambarin murhu a kusurwa. Muna samari, muna ganin suna abin 'yan kasuwa ne. Shekaranjiya shugaban makarantar da nake koyarwa ya kira ni ofis, ya ce, "Reinecke, wa ya zana wannan ƙazanta?" Na ce na manta. Ya ce ba komai, za a tambayi matar da ta rubuta tarihin ƙungiyar.

Littafinki ya ce an yi zanen a 1919. Emmerich ya rasu a fagen yaƙi tun 1916. Saura ni da Siegbert.

Ottilie, ki dube shi da idon basira. Siegbert Bayahude ne, an riga an hana shi zane, ko fenti ba a sayar masa, kuma na ji zai bar ƙasar. Me zai rasa? Ni ina da yara uku, da aiki, da gidan makaranta da muke ciki. Kalma ɗaya ce daga bakinki. Ba don kaina nake roƙo ba.

Ki huta lafiya. Naki cikin girmamawa,
Gottlob Reinecke

Leipzig, 15 ga Fabrairu, 1938

Malam Farfesa,

Gaisuwarka ta iso, Mama ta amsa, gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ka gaishe da Hilde da yaran da ba don kanka kake roƙo ba.

Na karanta zuwa ƙarshe kamar yadda ka ce. Na kuma lura ka iya lissafi: uku a cire mamaci, a cire kai, saura Bayahude. Ashe ba a banza aka ba ka kujerar farfesa ba.

Ka ce ka manta, to bari in tuna maka, tunda ni ce mai zuba kwal a murhun nan a lokacin sanyin 1919, ina karatun jarrabawa a gefe. A Murhu ba a taɓa yin zanen mutum ɗaya ba. Wani ya fara, ya tafi cin abinci, wani ya ɗauki buroshi ya ci gaba. Kai ka yi rufin tasha, da hayaƙi, da sararin sama mai launin hanta. Siegbert ya yi mutanen. Shi ya yi hannuwan nan, waɗanda wasu ba yatsu, wasu suna riƙe da jaka kamar ba su san abin da ake yi da ita ba. Ya yi shekara biyu yana ɗaukar masu rauni a fagen yaƙi, ya san hannu. In gaskiya ake so, ku biyu ne, kuma gaskiyar za ta tafi da ku biyu.

Ka tambaya me zai rasa. Na je na gano maka.

Yanzu ɗaki ɗaya suke ciki a bayan kasuwar fata, rabinsa akwatuna. Na same shi yana zana kyanwar maƙwabta da gawayi a bayan takardar naɗe kifi. Yana ganina ya ce, "Ga Ƙanwa da fuskar jana'iza. Mutuwa aka yi, ko Gottlob ne ya yi sabon zane?"

Na ce, "Manoma da damin alkama, kamar kullum."

Ya ce, "Allah ya jiƙan alkama."

Matarsa Recha ta zuba mini abin da suke kira kofi, ta ce, "Kada ki biye masa, tun safe yake neman wanda zai ciza." Ita ce ta yi mini bayani, shi yana ta goga wutsiyar kyanwa da yatsa. Wanta da ke Montevideo, can Kudancin Amurka, ya aiko musu da izinin shiga. Fasfonsu yana ofishin 'yan sanda, ana jiran hatimi ɗaya. Kullum sai ta je ta yi layi, kullum a ce ta dawo. Duk Bayahuden da aka ce ya zagi soja, ba hatimi zai samu ba, sansani za a kai shi, kuma ka san yadda ake dawowa daga can, in an dawo. Wannan shi ne abin da zai rasa, Farfesa. Ba shi da yawa, ransa ne kawai.

Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Naka ma haka, kada ka suma.

Ina da mamaci, kuma mamaci ba a kai shi sansani. Zan ce na yi kuskure a littafina. Zan ce Emmerich ne ya zana "Tasha" shi kaɗai a 1915, lokacin da ya zo hutu daga fagen yaƙi, aka ajiye zanen a bayan kabad sai daga baya aka fito da shi. Rantsuwarku ta yarinta ta yi rana sau ɗaya: ba suna, ba kwanan wata, ba mai ƙaryata ni. Abin da nake so daga gare ka shi ne ka ci gaba da mantuwa. Na ga kana da baiwar.

Ka huta lafiya,
Ottilie

Kassel, 20 ga Fabrairu, 1938

Zuwa ga 'yar'uwa Ottilie,

Bayan gaisuwa da godiya marar iyaka. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Maganganun da kika yaɓa mini na karɓa, ban ce ban cancanta ba. Amma ke ba ki da yara, ba ki san yadda mutum ke kallon su suna cin abinci yana tunanin wata mai zuwa ba. Hilde ta yi kuka, ta ce in gaya miki Allah ya saka da alheri.

Dabararki ta yi. Emmerich mutum ne mai kirki, na tabbata da yana raye da kansa zai ce a yi haka.

Abu ɗaya ke damuna. Kin gaya wa Siegbert? Ni na zauna ɗaki ɗaya da shi shekara bakwai. Rantsuwar rashin sa suna, shi ya kawo ta, amma shi ne kuma ke tsayawa a bayan masu kallo a wurin nuni yana kasa kunne, in an yabi wani sashe na zane ya yi tari don a waiwayo. Ki ja masa kunne sosai. Ki sa Recha ta ja ɗayan.

Naki mai godiya har abada,
Gottlob

Leipzig, 2 ga Afrilu, 1938

Gottlob,

Ina gaisuwa. An gama, kana iya yin barci.

'Yan sanda sun kira ni wani ofis mai ƙamshin man goge daɓe. Wanda ya yi mini tambayoyi saurayi ne mai tsabta, ya karanci tarihin zane kamar ni, har ya ce ya ji daɗin littafina. Ya buɗe shafin ya nuna mini 1919 da farcensa. Na ce kuskure ne, ina yarinya lokacin, na ruɗe. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Dakta. Mata da kwanan wata, sai haƙuri." Na taya shi murmushin. Na yi shekara tara ina haɗa littafin nan, ba a taɓa kama ni da kuskuren ko waƙafi ba, kuma ban taɓa jin wani ya yarda da maganata da sauri kamar ranar da na ce ni sakarya ce ba. Na sa hannu, ya raka ni har bakin ƙofa.

Ka ce Emmerich da kansa zai yarda. Wataƙila. Ba a tambaye shi ba. Makon jiya aka aiko wa fasto takarda, aka ce wanda ya zagi soja bai dace ya zauna cikin sunayen waɗanda suka mutu a yaƙi ba. Mai sassaƙa ya zo da kurfi ya kankare sunan Emmerich daga dutsen da ke bangon cocinmu. Aikinsa mai kyau ne, wurin ya yi sumul. Mama takan tsaya a gaban dutsen nan kowace Lahadi ta taɓa sunan da safar hannunta. Wannan Lahadin ta miƙa hannu, ta tsaya, ta juyo ta ce, "Otti, idona ne?" Na ce idonta ne. Yanzu ƙarya tana zo mini ba wahala.

Siegbert kuwa, na gaya masa tun kafin in je. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Emmerich?"

Na ce, "Emmerich."

Ya ce, "Ƙanwa, Allah ya jiƙan yayanki, na so shi kamar ɗan'uwa. Amma Emmerich bai iya zana hannu ba. Duk mutanen da ya zana, hannunsu a aljihu yake, ko a bayan kujera. Wa zai yarda?"

Na ce, "Waɗanda ba su iya kallo ba, kuma su ke riƙe da fasfonka."

Recha ta ajiye cokali ta ce, "Ka ji ko, tsoho? Hannu, hannu! Naka biyun nan nake so in ga sun riƙe ƙarfen jirgin ruwa. In mun isa can ka zana hannu dubu, ka sa sunanka a kowane yatsa."

Ya ce, "To, ranki ya daɗe."

Na sa ya yi mini alkawari, ya yi. Ya ma yi dariya, ya ce shekara talatin yana ɓoye sunansa don raini ga 'yan kasuwa, ƙarin 'yan watanni don tsoron 'yan sanda ba zai kashe shi ba. Amma da zan fita na ga ya juya takardar kifin, yana zana hannunsa na hagu.

Hatimi ya fito jiya. Jirgin ruwansu zai tashi daga Hamburg a farkon Yuni. Nunin gurɓataccen zanen kuma zai iso garin nan a tsakiyar Mayu. Na so a ce an jera su akasin haka.

Ottilie

Leipzig, Talata

Ƙanwa,

Gaisuwa, da neman gafara tun kafin ki san laifin. Na ba wa mai kawo madara wannan, na ce ya kai miki gobe da safe. Da na zo da kaina, da kin rufe ƙofa kin zauna a kan mabuɗin.

Na je nunin yau. Kada ki yi wannan fuskar. Na ce wa Recha zan je gyaran takalmi, kuma na je gyaran takalmin, daga baya ƙafa ta kai ni. Shekara goma sha takwas ban ga "Tasha" ba. Mutum zai bar ƙasa bai yi sallama da abin da ya fi kyau a duk aikinsa ba?

Sun rataye shi a karkace, ba firam, a ƙarƙashin wata fitila mai ciwon ido. An rubuta zagi da jan fenti a bango. Mutane cike, kamar ranar kasuwa. Wata mata mai hular gashin tsuntsu ta ce ɗanta ɗan shekara biyar zai fi wannan. Wasu samari suna kwaikwayon tafiyar gurgun da ke gaba. Wallahi, Otti, ko a jikina. Dariya mun saba da ita tun 1908, da ita muka yi ƙiba.

Sai wani dattijo ya zo ya tsaya kusa da ni, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke da fil. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, ba da ni ba, da kansa, "Haka suke. Haka hannuwan suke." Ya sunkuya ya karanta 'yar takardar da aka manna a ƙasa, yana bi da yatsa, ya ce, "Emmerich Brandes. Wannan ya gani da idonsa. Allah ya jiƙansa." Ya cire hula.

Ya cire wa Emmerich hula, Otti! Ina tsaye a gefensa, kafaɗata tana gogar tasa.

Na san abin da kika yi, na san abin da ya ci miki, na ji labarin dutsen coci. Ke kin fi mu duka hankali, shi ya sa ba ki taɓa zana komai ba. Amma duk sauran aikina sun ƙone ko za su ƙone. Wannan ma za su ƙone shi in sun gama dariya, abin da zai rage shi ne abin da aka rubuta a takarda, kuma takarda ta ce ban taɓa yin komai a duniya ba. A Montevideo zan zama wani tsoho mai zana kyanwa. Na yi ƙoƙarin haɗiye wannan tun rana, ya ƙi wucewa.

Ba wani abin tashin hankali zan yi ba. Gyara ne ƙarami, irin na masu buga littafi. Wataƙila ma ba wanda zai lura.

Ki kula mini da Recha. Za ta zage ni, ki bar ta, ta iya.

Yayanki na biyu,
Siegbert

Leipzig, 26 ga Mayu, 1938

Gottlob,

Ba gaisuwa yau. Ga takardar Siegbert na haɗo maka, ka karanta ta tukuna.

Mai madara ya makara. Da na isa wurin nunin an riga an buɗe, layi har titi. Na kutsa, ana zagina. Na hango shi daga bakin ƙofar zauren. Ya sa baƙar kwat ɗinsa ta aure, ya aske gemu. Yana durƙushe a gaban zanen kamar mai ɗaure igiyar takalmi, da fensirin kafinta a hannu. Ya ja layi ɗaya a kan sunan Emmerich, a miƙe, ya rubuta nasa a sama. Ya soke 1915 ya sa 1919. Da ya tsaya nan, wataƙila da ya fita. Amma ya ja da baya ya duba, kamar yadda kuke yi, bai gamsu ba. Ya miƙe ya sa hannu a jikin zanen kansa, a kusurwa, kusa da tambarin murhu, harafi bayan harafi, ba gaggawa.

Mai gadi ya ce, "Kai, tsoho! Me kake yi?"

Ya ce, "Aikina nake ƙarasawa, ɗana. Matsa, kana tare mini haske."

Mutane suka yi dariya, sun ɗauka cikin nunin ne. Sai wasu biyu masu farin kaya suka fito daga bayan labule. Bai yi gardama ba. Ya miƙa wa mai gadin fensirin, ya ce ya riƙe, mai kyau ne. Da suka zo wucewa ta gabana ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, kuma wannan ita ce kyauta mafi girma da ya taɓa yi mini. Ni ma na kalli bango. Na karanta zagin da ke jiki har ƙarshe, akwai kuskuren rubutu a layi na biyu.

Ni na je na gaya wa Recha. Tana naɗe kofuna a jarida. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ya sa kwat ɗin?" Na ce ya sa. Ta ce, "Ba ta da ɗumi."

Sun sake kirana gobe, wurin saurayin nan mai tsabta. Zan ce na sake ruɗewa. Ban san ko sakarci yana aiki sau biyu ba.

Ottilie

Kassel, 29 ga Mayu, 1938

Ottilie,

Bayan gaisuwa. Ki gafarta rubutun. Na faɗa miki, ai na faɗa miki halinsa! Allah ya kuɓutar da shi, ina yi masa addu'a, Hilde ma haka.

Ki gaya mini abu ɗaya, don girman Allah, ta jirgin ƙasan gobe. A can ciki za su tambaye shi wa ya taya shi. Ya ambace ni?

Naki,
Gottlob

Leipzig, 6 ga Yuni, 1938

Malam Farfesa,

Ina gaisuwa. Bai ambace ka ba. Saurayin ya karanta mini bayaninsa: sun tambaye shi har sau uku, ya ce shi kaɗai ya zana, daga sama har ƙasa, kuma duk wanda ya ce wani ya sa masa hannu maƙaryaci ne. Kada ka yi saurin godiya. Ba na jin don kai ya yi.

Ni an hana ni rubutu da koyarwa, an sallame ni. Shi an wuce da shi sansanin da ke kusa da Weimar. An sauke zanen daga bango.

Jirgin ruwan ya tashi shekaranjiya. Recha ta fara kwance akwatuna, gobe zan je in taya ta. Ka gaya wa ƙanin Hilde ba sai ya sake biyowa ta gidanmu ba.

Ka huta lafiya,
Ottilie Brandes